Na yanka ragon abokina kafin liman ya yanka

Assalamu alaikum Malam mai kula da wannan fili, tare da dukkan masu karatu. Ina yi muku barka da Sallah, ko da yake ta wuce, ni kuwa ban san daɗinta ba. Don Allah a sakaya sunana. Abin da zan iya faɗa shi ne ina wani ƙauye a ƙasar Karaye, ni nake riƙe wa dagacinmu aikin rubutu, mutane suna ce mini Malam suna durƙusa mini. Kada ku yi saurin zagina kafin ku kai ƙarshe, wallahi babu zagin da za ku yi mini wanda ban riga na yi wa kaina ba.

Ina da aboki, bari in kira shi Buba, ba sunansa ba ne. Bafillace ne, yana zaune a wani ƙauye can wajen Ruwan Bago a ƙasar Rogo. Tun muna yara muka san juna, lokacin da mahaifinsa yake kawo shanu su zauna a gonarmu bayan girbi don taki. Har yau da furfurarmu bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai Kaɗo, wai ban san gaban saniya da bayanta ba. Kowace Babbar Sallah sai cinyar rago ta iso gidana daga wurinsa, ni kuma in aika masa da goro da damin gero. Sai shekarar da cutar shanu ta bushiya ta shigo ta share masa garke kakaf. Mutumin da yake yanka raguna ya raba wa gari, ya koma sai an aiko masa da nama a kwano. Ya daina zuwa idi, wai ba zai iya tsayawa cikin mutane ba. Akwai ranar da ya ce mini yana ganin Allah ya manta da shi, sannan ya kama bakinsa yana istigfari. Ana cikin haka bara ciwo ya shanye masa ɓarin jiki na dama, hannu da ƙafa. 'Ya'yansa duk mata ne, suna gidajen aurensu, daga shi sai matarsa Goggo a gidan.

Abu ɗaya ya rage masa, wani ɗan rago fari da tunkiyar Goggo ta haifa. Daga kan tabarma Buba ya yi kiwonsa, da hannun hagu yake miƙa masa harawa da dusa, har ragon ya saba kwanciya a bakin ƙofar ɗakinsa. Da watan layya ya kama ya aiko in je. Ya ce tun da shanunsa suka ƙare bai sake layya ba, kuma jikinsa yana gaya masa wannan ce ta ƙarshe. Na ce ya daina wannan magana. Ya yi dariya ya ce, "Kaɗo, hannuna ya mutu. Akwai masu yanka a garin nan, amma ni hannunka nake so ya zama nawa. Na wakilta ka." Wa zai ji wannan ya ce a'a? Na amsa da alfahari ma.

Na hau keke na isa ƙauyensu ranar jajibere, da niyyar in yi idi a can, in yanka masa, in juyo gida in yanka nawa, domin dagaci yana jirana mu karɓi masu gaisuwar Sallah. Kun san bana a tsakiyar damina Sallar ta zo. Muna idar da salla hadari ya haɗo baƙi ƙirin, liman ya gajarta huɗuba, aka sanar cewa ba a kawo ragonsa filin idi ba saboda ruwa, a gida zai yanka, kowa ya dakata sai ya ji ƙarar bindiga. Haka al'adar garin take, in liman ya yanka sai a harba bindiga don na nesa su sani. Na ji wannan sanarwa da kunnena, ba zan ce ban ji ba. Kuma na san hukuncin tun ina makarantar allo: wanda ya riga liman yanka, nama ya samu, ba layya ba.

Na koma gidan Buba ruwa yana zuba kamar da bakin ƙwarya. Tsakanin ƙauyensu da hanyar gida akwai wani rafi, in ya cika sai an kwana kafin a haye. Ina tsaye a zaure da wuƙa a hannu ina sauraron bindiga, shiru. Sai zuciyata ta fara yi mini lissafi: rafi yana cika, dagaci zai ce me, iyalina suna jira, ai wataƙila an harba ƙarar ruwa ce ta hana ni ji. Na san ƙarya nake wa kaina. Na leƙa ɗaki, Buba yana zaune Goggo ta sa masa farar rigarsa ta da, har da kwalli a idonsa. Ya dube ni ya ce, "Liman ya yanka?" Na ce, "Ya yanka." Ya ɗaga hannun hagu ya ce to bismilla. Na ja ragon ƙarƙashin rumfa inda zai iya hangowa, na ambaci sunan Allah, na ambaci sunan Buba, na yanka. Yana kuka yana hamdala. Ina wanke wuƙa ne bindigar ta tashi, daram, daga wajen gidan liman. Buba ya zaci tsawa ce, har ya yi tasbihi. Goggo tana riƙe mini da buta. Ta ɗago ta dube ni, ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da zuba mini ruwa.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce shaiɗan ne da gaggawa. Amma na haye rafin ruwa iya gwiwa, na isa gida, ga ragona a ɗaure an wanke shi fes. Wallahi tunanin ya zo mini a take: in bar wannan ragon, gobe in kora shi can, in faɗa wa Buba gaskiya, in yanka shi da sunansa, ai kwanakin yanka ba su ƙare ba. Sai na hango maƙwabta suna cewa bana malamin dagaci bai yi layya ba. Na hango kaina durƙushe gaban Buba ina cewa na yi maka ƙarya ranar idi. Na kasa. Na yanka da sunana, aka feɗe, aka rataye, gida ya cika da ƙamshin suya, baƙi suna shiga suna fita ina amsa barka da Sallah ina washe baki. Washegari sai ga cinya daga gidan Buba, kamar yadda yake aikowa shekarun da. Matata ta yi ta murna tana cewa Allah ya mayar wa Buba da arzikinsa. Ta soya ta kawo mini, na ce haƙorina ke ciwo.

Sai da na tabbata kwanakin yanka sun fita sannan na je wurin wani malami a Karaye, na ce wani mutum ne ya aiko ni da tambaya. Kun ga irin wayon banza? Na jira sai da ƙofar gyara ta rufe kafin in tambayi inda take. Malamin ya ce wannan rago naman miya ne, layya ba ta yi ba. Ya ce mai ragon ba shi da zunubi kuma Allah ya san niyyarsa, amma wakilin ya ci amana, sai ya faɗa wa mai haƙƙi ya nemi yafiya, ya kuma mayar masa da abinsa. Ya ƙura mini ido ya ce in gaya wa mutumin kada ya yi jinkiri.

Na je da niyyar faɗa, na rantse muku na je. Na tarar da Buba a ƙofar gida an jingina shi da bango, mutumin da ya daɗe yana ɓuya wa jama'a. Yana ta ba ni labarin gidajen da ya aika wa nama, gida-gida, har gidan liman, da yadda mutane suka zo yi masa godiya. Ya ce yanzu yana sa a ɗauke shi a kai shi masallaci ranar Juma'a. Ya kama hannuna ya ce, "Kaɗo, da ina tsoron mutuwa, ina ganin zan je hannu wofi. Tun ranar da ka yanka ragon nan tsoron ya tafi." Ku faɗa mini, da wane baki zan ce masa ba haka ba ne? Na zauna na sha furar da Goggo ta dama, na yi sallama na taho.

Tun daga nan ba ni da sukuni. In na tada salla sai in ji muryata tana cewa "Ya yanka." In na faɗa wa Buba, na ƙwace abu ɗaya tak da ya mayar da shi cikin mutane ya kuma kwantar masa da rai, kuma ko raguna goma na kai masa yanzu ba za su zama layya ba sai baɗi, baɗin da ban ga alamar zai gani ba. In na yi shiru, shin tausayinsa nake ji ko kunyata nake rufewa? Ni kaina na kasa rarrabewa. In ya rasu bai yafe mini ba fa, wa zan roƙa?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne saƙon da Goggo ta aiko jiya. Jikin Buba ya tsananta, ya daina cin abinci, maganarsa ma da ƙyar ake ji. Ya ce a gaya mini in zo, kuma ya bar wasiyya gaban liman cewa in ta Allah ta kasance, ni zan yi masa wanka in sa shi a likkafani, domin a duniya bai san mai amana kamata ba. Gobe da safe zan hau keke in tafi, kuma ban san ko amsarku za ta riske shi da rai ba. In na zauna a gefen tabarmarsa ya kama hannuna, in buɗe baki ko in bar shi ya tafi da farin cikinsa? Jama'a, don girman Allah, me zan yi?