Faktir a Hannun Dillalin Shanu

Yamai, 9 ga Mayu

Zuwa ga Baba Sallau,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Ina fatan kana lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida a Matameye.

Ka ce maganar gona ba ta waya ba ce, shi ya sa na rubuto ta hannun Illa direba. Baba, na ga motar: sabuwa dal, mai kujera bakwai, daidai hanyar Matameye zuwa Damagaram. Shekara goma sha biyar ni da ƙannena muna cirani a Kano saboda ita. A gidan motar sun ce miliyan tara na sefa, kuma muna da su. Da aka buga faktir, takardar lissafin kuɗin, sai ga miliyan goma da jika ɗari huɗu, wato dubu ɗari huɗu. Mai sayarwar mutumin kirki ne, har takardar kamfanin da ya ƙera motar ya nuna mini, ya ce ribarsu ba ta taka kara ta karya ba.

Tunda mahaifinmu ya rasu kai ne ubanmu. Ina roƙonka ka sayar da gonarsa ta Dawce mu cike. Ga faktir ɗin na haɗo.

Ɗanka,
Cha'ibu

Matameye, 13 ga Mayu

Cha'ibu,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Yayarka Maryama ce ke rubuta mini, ita ta fassara mini takardar nan layi-layi.

Gona dai ka ajiye maganarta tukuna. Innarka daga nan take ci.

Shekara arba'in na yi ina dillancin shanu, ban taɓa ganin an ɗora wa sa kaya irin na motarka ba. Kuɗin nan kashi uku ne. Na duwan, wato kwastan, da haraji da lamba na hukuma ne, ba a ciniki, amma ka ce a nuna maka rasit. Na ɗauko ta daga bakin teku gaskiya ne, sai dai Maryama ta gan shi sau biyu, sama da ƙasa, an canja masa suna. Sauran kuwa, wai kuɗin shiryawa, kuɗin buɗe takardu, kuɗin talla, maganin tsatsa, duk nasu ne. Wanda ya sayi sa ba ya biyan kuɗin wanke shi. Tsatsa kuma, a Matameye wane ruwa zai ci ta?

Takardar kamfani da ya nuna maka ta ba ni dariya. Ni ma nakan kai mai saye gaban mai sa ya ji kuɗin da bakinsa. Abin da ba ya ji shi ne la'adar da mai sa zai damƙa mini bayan an watse. Tambaye shi nawa kamfani ke mayar musu a kan kowace mota. Ba zai faɗa ba, kai dai ka dubi fuskarsa.

Ka karɓo faktir a wani gidan motar. Ka koma ƙarshen wata, lokacin da suke kamar dillalin da la'asar ta yi bai sayar ba. Kada ka yaba motar a gabansa, na san halinka, bakinka ba ya rufuwa. Ka ce kuɗi ɗaya kake son ji, wanda za ka miƙa ka tuƙa ka fita. In ya ƙi, ka tashi.

Allah ya yi maka albarka.
Sallau

Yamai, 30 ga Mayu

Baba,

Gaisuwa da girmamawa. Wallahi yau na san ko kai wane ne. Muna yara muna ganinka da sanda cikin kashin shanu, ashe ilimi ne muke wucewa.

Na yi yadda ka ce. Da na nuna kuɗin ɗaukowa sau biyu, sai ya ce kuskuren na'ura ne, ya soke. Da na tambayi abin da kamfani ke mayar musu, ya cire gilashinsa ya ce, "Malam, a wane gidan mota ka yi aiki?" Na ce, "Babana dillalin shanu ne a Matameye." Ya yi dariya, amma bai ƙara cewa ba su da riba ba. Na ajiye masa faktir na ɗaya gidan, ya ƙi ragewa, na tashi. Baba, ina jin kamar na bar shekara goma sha biyar a kan teburin. Sai da na kai bakin titi ya aiko a kira ni.

Maganin tsatsa ya fita, talla da shiryawa sun fita, ya kuma rage daga kuɗin motar kanta. An tsaya a miliyan tara da jika ɗari uku, da lamba da komai, a rubuce da sa hannunsa. Sai dai ya ce ranar Litinin ce iyaka, bayan nan farashin sabon wata ne.

Jika ɗari ukun nan ba ni da su. Na buga waya ko'ina. Ina jin kunya, amma ko gefen gonar ne na wajen rijiya, a yanka a sayar.

Ɗanka mai alfahari da kai,
Cha'ibu

Matameye, 1 ga Yuni

Cha'ibu,

Gaisuwa. Ka yi abin kai, na ji daɗi ƙwarai.

Ko taku ɗaya ba za a yanka a gonar yayana ba. Jika ɗari uku suna hannun Illa, zai iso maka kafin Litinin. Farin san da nake kiwo shi na kai kasuwa. Ya fi haka, kowa ya sani, amma mutum ɗaya ne ke da kuɗi a hannu. Ya taya, na sallama nan take. Dillalai sun taru suna tambaya ko lafiyata ƙalau, don tun da suke ba su taɓa jin na sallama a tayin farko ba.

Ka tuƙo a hankali.

Babanka,
Sallau