Yajin Umma a Sanyuanli

Zuwa ga mahaifina, Alhaji Bala,

Assalamu alaikum, Baba. Na san wannan takarda ba za ta iske ka ba, babu kuma mai karanta maka ita. Amma in ban faɗa maka ba, wa zan faɗa wa?

Gida lafiya. Umma ta fita takaba, ƙanwata Zulai ta haihu, an sa wa yaron sunanka. Ni kuwa ga ni a Guangzhou, na zo saro kaya a madadinka, a ɗakin da kake sauka a unguwar Sanyuanli.

Baba, ashe haka ka yi mana? Tun ina ƙarami kake cewa abincin Caina daga kwaɗi sai macizai, kai da guzurin Umma kake rayuwa har ka dawo. Ita kuma duk tafiya sai ta raba kanta da hutu tana dakan dambun nama da yaji, tana bugun ƙirji a gaban maƙwabta cewa hannunta ne ke riƙe da kai a ƙasar nan. Ni ma haka ta haɗo mini, har da gargaɗin kada in kuskura in taɓa na titi.

Ban rufa mako ba dambun ya yi fumfuna. Garin nan iskarsa ma a jiƙe take, ko riga ba ta bushewa. Na koma garin kwaki da ruwa, har jiri ya fara ɗibata a benen kasuwar Baima. Kullum sai na wuce wani lungu inda wasu 'yan Caina masu sanye da fararen huluna ke gasa nama a tsinke, suna jan taliya da hannu. Ƙamshi ya kira ni, muryarka ta hana ni. In tsaya, in haɗiye yawu, in wuce.

Ranar Juma'a na ga wani tsoho da muka tsaya sahu ɗaya a masallaci ya shiga bayan tukunya a lungun. Na matsa, yunwa na cina. Ya kafe ni da ido, ya ajiye ludayi, ya kira sunanka. Sunanka, Baba, a bakin ɗan Caina! Wallahi sai da na waiga. Ashe kamarka ya gani a fuskata.

Ya jawo wata kujera daga jikin bango, ya nuna mini cewa taka ce. Bai tambaye ni abin da nake so ba, ya dire mini taliya da romon rago. Sai ya sauko da wani gwangwani an ɗaure bakinsa da ƙyallen atamfar Umma, ya barbaɗa mini yajinta. Ashe nan guzurin yake zuwa tun kafin ya lalace? Ya kwaikwayi yadda kake ci da tsinkayen cin abincinsu yana dariya. Kai da ko cokali ba ka yarda da shi a gida?

Daga nan ya tambaye ni da hannu ina kake. Ba ni da yarensa. Na ɗora kuncina a tafin hannu, na nuna sama. Ya yi salati irin namu sak, ya zauna a ƙasa yana kuka. Ni ma na yi. Ina kuka ina ci, har na siɗe kwanon, aka ƙaro mini.

Na ji haushinka, Baba, ba zan ɓoye ba. Me ya sa ba ka taɓa faɗa mini ba, ka bar ni ina neman faɗuwa a titi? Ko kuwa alfaharin Umma kake tattali? Yanzu ka tafi ka bar mini nauyin, in fasa mata ko in rufe.

Yajin gwangwanin ya kusa ƙarewa, na cika shi da wanda Umma ta haɗo mini. Jiya na buga wa Umma waya, ta tambaye ni ko guzurin na isata. Na ce mata yajinta nake ci kullum. Ta yi dariya, karon farko tun rasuwarka. Ban yi ƙarya ba ko, Baba?

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka.

Ɗanka Sabi'u, daga kan kujerarka.