Hawa na Shida, Inda Aka Ce Babu Kowa

Daga: Ungozoma, babbar 'yar mazauniyar gida mai lamba 6B, Gini na Uku, Rukunin Gidajen Tsofaffin Ma'aikata

Zuwa ga: Mai Girma Babban Darakta, Hukumar Kula da Gidajen Ma'aikata

Kwanan wata: 9 ga Yuni

Game da: Ƙorafi kan ayyana gida mai lamba 6B a matsayin gidan da babu kowa a cikinsa, alhali mahaifiyata tana ciki da ranta

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawar da ta dace da kujerarka, ina rubuto wannan takarda a madadin mahaifiyata, wadda duk mutanen Gini na Uku suka sani da Inna Mai Saƙa. Tsohuwa ce da ta haura saba'in, mai fama da ciwon gwiwa. Marigayi mahaifinmu ya yi aikin walda a masana'antar da ta ƙera ginshiƙan ƙarfen wannan gini, kuma da ya yi ritaya aka ba shi gidan, bisa sharaɗin cewa matarsa za ta ci gaba da zama a bayansa muddin tana kwana a ciki. A ranar 12 ga Mayu ofishinka ya liƙa takarda a ƙofarta cewa gidan ya koma hannun hukuma saboda babu mazauni, a kwashe kaya kafin 30 ga Yuni. Ita da kanta ta ɓamɓare takardar daga ƙofa ta ajiye mini don in karanta mata.

Ga abin da ya faru bi da bi.

1. A watan Satumban bara ma'aikatanka suka shiga gida-gida suna kafa wata 'yar na'ura mai ƙyaftawa a silin falo. Abin da suka faɗa wa Inna shi ne don tsaron lafiyarta aka sa. Babu wanda ya gaya mata cewa na'urar motsin mutum take lura da shi, ko cewa tana kai rahoto ga abin da ofishinka ke kira tagwayen gini, wato kwafin gininmu da kuka zana a kwamfuta, mai ɗauke da kowane ɗaki da bututu da waya. Ni ma sai daga baya na ji wannan suna. Don sauƙi zan riƙa kiransa ginin kwamfuta.

2. Inna mace ce da ba ta barin kaya a tsirara. Rediyonta yana da riga, filas ɗin shayinta yana da riga, keken ɗinkin da ta daina amfani da shi ma yana da tasa. Da ta ga wani ido a silin yana ƙyafta mata tana canja zane, sai ta ɗauki kwarashi da ragowar zaren ulu ta saƙa masa hula, ta roƙi maƙwabcinta direba ya hau kujera ya sa masa. Har yabon aikin muka yi, don hular ta zauna daram kamar an gwada. Wannan shi ne iyakar laifin mahaifiyata, kuma ban ɓoye shi ba a duk ofishin da na shiga.

3. A watan Disamba direban ya tashi da iyalinsa, ya rage Inna kaɗai a hawa na shida, wanda shi ne na ƙarshe. Daga nan, kamar yadda aka bayyana mini, ginin kwamfuta ya rubuta cewa babu kowa a wannan hawa. An ce ya duba mitar wuta ya ga ba ta tafiya. To ina za ta tafi? Inna ba ta kunna fitila da rana, firjinta ta ba jikarta tun da daɗewa, rediyonta na batir ne. Haka aka tarbiyyantar da ita, kuma ban taɓa jin inda tattalin wuta ya zama shaidar mutuwa ba.

4. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, wannan rubutu bai tsaya a ofishinka ba. Hukumarka ta ƙulla yarjejeniyar musayar bayanai da masana'antun da suka yi kayan ginin, ba tare da an nemi yardar ko mutum ɗaya daga cikin mazauna ba. A ranar 3 ga Maris masana'antar lif, tana can nesa, ta cire hawa na shida daga inda lif ke tsayawa, wai don rage wahalar igiya. Kafin watan ya ƙare masana'antar injin ruwa ita ma ta rage ƙarfin turawa, wai kada a yi asarar wuta wajen kai ruwa inda ba a sha. Famfon Inna ya yi tari ya ƙafe. Babu wanda ya tako, babu wanda ya buga waya, babu wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. Mutanen da ba su taɓa ganin fuskar uwata ba sun samu ikon sanin lokacin da take shiga banɗaki, amma suka kasa sanin tana raye.

5. Mun ɗauka lalacewa ce irin ta yau da kullum. Na kai ƙara wurin mai kula da ginin, ya ce makullan ɗakin inji suna hannunsa amma umarni daga kwamfuta yake zuwa, shi ba shi da ta cewa. Tun daga lokacin ni da ƙanena makanike muke hawa da jarkoki, lif ya sauke mu a hawa na biyar mu ƙarasa a ƙafa. Inna kuwa ba ta iya taka matakala ko ɗaya, don haka tun watan Maris ba ta ga ƙofar waje ba. Ba ta je ganin likitan gwiwarta ba, ba ta je gaisuwar rasuwar ƙawarta ta ƙuruciya ba, ta wuni tana kuka a bakin taga.

6. Ranka ya daɗe, ina roƙon ka karanta wannan sakin layi da kyau, don ni sai da aka maimaita mini kafin na yarda da kunnena. Hujjojin da aka kafa a takardar korar su ne: ba a kiran lif daga hawa na shida, kuma mitar ruwa ba ta motsi. Wato ku kuka hana lif tsayawa, ku kuka yanke ruwa, sannan kuka juyo kuka ce rashin lif da rashin ruwa sun tabbatar da zarginku. Ko yaron da ke wasan ƙasa ba zai yi wannan lissafi ba.

7. A ranar 14 ga Mayu na je Sashen Bayanai. Jami'in da ke wurin ya karɓe ni da fara'a, ya ba ni kujera, ya juyo mini da allon kwamfuta. Gaskiya abin ya yi kyau. Ya juya ginin sama da ƙasa, ya yaye rufin, ya nuna mini falon mahaifiyata, an shafe shi da launin toka. Ya ce toka na nufin babu kowa. Na ce masa daga wurin na fito, na bar ta tana tsince shinkafa. Ya ce ya fahimce ni ƙwarai, amma ba shi da hurumin canja launi da hannu, bayanai ne ke canja shi. Na ce a tura mutum ya gani da idonsa. Ya ce an soke zagayen duba gidaje tun da aka kawo sabon tsari, wannan ma shi ne amfaninsa. Ya tura ni Sashen Rabon Gidaje, su kuma suka ce mai gidan ta zo da kanta. Na tambaye su ta ina za ta sauko, suka ce maganar lif ta masana'anta ce. Masana'antar ta ce ita abin da hukuma ta aiko mata take bi. Na ce to zan tare in zauna da ita, aka ce sai da izinin ƙara mazauni, izinin kuma ba a bayar da shi a gidan da babu kowa. Na yi shekaru ina karɓar haihuwa, ban taɓa ganin an tambayi takarda ko jariri ya iso alhali yana tsala ihu a hannu ba.

8. Mafita ɗaya aka ba mu. A cire hular, na'ura ta ga motsi na yau da kullum har wata guda cur ba yankewa, sai launin ya canja da kansa. An kuma ja mini kunne cewa shigowata da fitata ziyara ce, ba ta shiga lissafi. Na cire hular a ranar, na yi wa Inna bayani gwargwadon abin da na gane. Ita kuwa ta ɗauki maganar da gaske fiye da yadda na so. Matar da aikinta zama ne da kwarashi ta ajiye saƙa, saboda ta ji tsoron motsin yatsu bai isa a gani ba. Ta koma kai-komo daga taga zuwa ƙofa tana dafa bango, in ta zo ƙarƙashin na'urar ta ɗaga mata hannu kamar mai tsayar da mota. Na hana ta, ta ce in ƙyale ta, gidan mijinta ne. Ina so ka san cewa na tsaya a ƙofa na kalli uwata tana gaida silin, kuma ban taɓa jin wulaƙanci irin na ranar ba.

9. A ranar 5 ga Yuni gwiwarta ta ƙi ɗaukarta, ta faɗi a tsakiyar falo, daidai ƙarƙashin na'urar da aka ce don tsaron lafiyarta aka sa. Tun hantsi take kwance a wurin har na taso daga aiki da la'asar. Na'urar ta ga motsi ya tsaya, babu wanda ta sanar. Na tabbata dai ta rubuta. Da na ɗago kan Inna ina duba ƙugunta, ba ta ce mini ruwa ba, ba ta ce mini ciwo ba. Cewa ta yi: “Wannan kwanciyar da na yi, za su cire mini ita a lissafi?”

Ban san amsar ba, ranka ya daɗe. Na buga wa Sashen Bayanai waya, jami'in ya ce mai yiwuwa a sake ƙirga watan daga farko, wanda zai kai mu bayan ranar da kuka yanka mata. Ƙugunta na bukatar hoto a asibiti, amma ta ƙi yarda ƙanena ya goya ta ya sauko da ita, ta ce in ta fita za a ce gaskiyarku ce. Ni kuma na ɗauki hutu na tare a gidan ba tare da izininku ba. In laifi ne a rubuta shi da sunana.

Saboda haka, cikin ladabi, ina neman waɗannan abubuwa daga ofishinka. A janye takardar 12 ga Mayu a rubuce, da sa hannunka, don in karanta mata ta yarda ta je asibiti. A umarci masana'antun biyu su mayar da lif da ruwa hawa na shida a wannan makon. A sanar da kowane mazauni abin da na'urar falonsa ke ɗauka da waɗanda ake miƙa wa, a kuma ba shi damar ya ce bai yarda ba. Sannan kada a sake korar kowa daga gida sai wani mai ƙafa ya je ya ƙwanƙwasa ƙofa. Akwai tsofaffi da yawa a wannan rukuni, kuma ba kowannensu ke da 'yar da za ta yi yawon ofisoshi ba.

Ba ni da faɗa da ginin kwamfuta. Ku ci gaba da juya shi yadda kuke so. Amma ina gayyatarka zuwa ɗaya ginin, wanda mahaifina ya haɗa ƙarafansa. Lif zai kai ka hawa na biyar, sauran sai ka taka. Ƙofar hagu ce, ba sai ka jira an buɗe ba, don mai buɗewar ba ta iya tashi.

Na haɗo da hular a cikin ambulan a matsayin shaida. Inna ta ce in roƙe ka, in an gama bincike a dawo mata da ita, zaren mai kyau ne.

Ina mai jiran matakinka da dukkan girmamawa, Allah ya ba ka ikon yin adalci.

Taka mai biyayya,

Ungozoma, babbar 'yar Inna Mai Saƙa
(sa hannu)

A ƙasa dangwalen babban yatsan mazauniyar gida mai lamba 6B ne. A cikin gidan ta dangwala shi, yau da safe.