Fitilar Mama Kamala

Talata, 14 ga Maris, 1995. Highbridge.

Yau ban kyauta wa Mama Kamala ba, tsohuwar nan mai addinin Hindu da nake jinya. Kullum ƙarfe shida nake tura kekenta ɗakin ibada ta kunna fitila. Yau fim ya yi daɗi a talabijin, na ce, "Mama, bari ya ƙare mana."

Ta ce, "'Yata, na fi ki son kallon nan. Shi ya sa zan tashi."

Ban motsa ba. Da hannunta ɗaya mai lafiya ta ja keken har ta isa. Ina jiyo waƙar ibadarta, tana haki.

Ni ko la'asar ban yi ba. Har na tashi aiki na kasa haɗa ido da ita.