Kaset ɗin Mama Ya Dawo

Kitwe, 9 ga Yuni, 1996

Zuwa ga ƙanena Lombe,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da Mwaka da yara. Allah ya kiyaye ku a ƙasar sanyin nan. Mu muna nan yadda ka bar mu, sai gwiwata da ta ƙi, da Inna Bana Chiti, ƙanwar Mama, da idonta ya kusa rufewa.

Shekara uku ke nan ina roƙonka ka maido mini da kaset ɗin Mama. Ya iso ranar Talata. Ya kamata ka san abin da ke cikinsa. Ni na ari kyamarar coci na je Kasama, na zaunar da ita a tabarma, ta yi kusan awa uku tana jero kakanninmu mata, wa ta haifi wa, daga ina suka taso, har da kirarin gidanmu. Wata biyu bayan nan ta rasu. Ba ka zo jana'iza ba, ka ce takardu ne suka hana. Tausayinka ya sa na aika maka shi, ban ko kwafa ba. Na rubuta maka da manyan baƙaƙe cewa na'urar bidiyon Kanada ba ta karanta kaset ɗinmu, tsarinsu daban namu daban, ka nemi mai karɓar kowane iri. Shekara huɗu na yi ina karatun lantarki kafin kamfanin ma'adinai ya sallame ni, na san abin da nake faɗa. Amma kai tun da can ba ka karanta wasiƙata har ƙarshe.

Da na saka shi a tawa na'urar, sai hoto ya riƙa birgima, ba launi, murya na jan jiki kamar ta mashayi. Na san da matsala, don kaset ɗinmu ba ya yi wa na'urarmu haka. Ban gaya wa kowa ba. Inna kuwa ta riga ta ɗaura zanenta na coci, ta ce ko ba ta gani, za ta ji muryar yayarta. Muka tafi shagon Jere mai gyara, shi ke da mai karɓar kowane iri. Jere Bangoni ne, ka san ƙabilarsu abokan wasanmu ne. Yana ta tsokanarta wai yau za a ji wadda ta saci akuya a zuriyarmu, ita kuma ta ce ya fara bincika tasa.

Da Jere ya saka kaset ɗin, sai ga hoton ɗanka Kaluba cikin rigar kammala makaranta, ana ta tafi. Inna ta tambaye ni ko mutanen ƙauye ne ke tafawa. Jere ya daina wasa, ya yi ta tura zaren gaba. Kaluba, cin abinci, Kaluba, mota. Nan na gane. Ka saka, ka ga layi-layi, ka ji murya kamar ta tsuntsu, ka ce ya lalace, ka naɗi naka a kai. Ni kuma ban karya ɗan harshen nan na jikin kaset ba, wanda karya shi ke hana naɗi. Wannan nawa ne, ba zan ɗora maka ba.

Gab da ƙarewar zaren, naɗinka ya ƙare, hoto ya daidaita. Ƙafafun Mama, gefen tabarma, kaza na wucewa. Ta ce, "Kasonde, kashe abin nan haka, na gaji." Sai duhu. Inna ta sa aka maimaita sau biyar, sannan ta nemi sandarta.

Kada ka aiko mini da sabuwar na'ura, ba abin da zan saka a ciki. Ka gai da Mwaka da ɗanku Nkweto, ka yi wa Kaluba barka, shi ba ruwansa. Inna ba ta ba ni saƙo ba.

A hanyar gida na roƙe ta ta jero mini sunayen. Ta kai ga kakar mahaifiyarta, ta tsaya. Mama ta faɗi tara. Uku suka rage mana.

Yayanka,
Kasonde