Da Suka Rufe Ido

Litinin, 6 ga Oktoba, 2025
Na kai wa Muhibba abincin da ta manta, na tarar da 'yan ajinsu kaf a waje suna tsalle kamar kwaɗi. Malamarsu, Anti Prudence, mace da girmanta, ita ce a gaba tana kama kunne tana durƙuso. Wai Turanci ake koyo. Ta faɗi kalma ta kwatanta da jikinta, yara su bi. Baki buɗe na dawo gida.

Laraba, 8 ga Oktoba
Na kai ƙara wajen Baban Muhibba, dariya kawai ya yi. Abin da ya fi ba ni haushi, wai Anti ta ce Muhibba ta fi kowa iyawa. Yarinyar da zan kira sau biyar daga kicin, sai na biyo ta da silifa. A makaranta ladabi, a gida taurin kai.

Alhamis, 16 ga Oktoba
Anti ta aiko in zo. Ta ce, "Maman Muhibba, zauna a baya, ki gani da idonki."

Suka fara wasan. Muhibba ba ta kuskure ko ɗaya ba, idonta ƙur a kan malamar. Sai Anti ta rufe fuskarta da hannu, duk suka rufe. Ta faɗi kalmar tsalle da ƙarfi. Yara duka suka yi sama. 'Yata tana tsaye, hannu a ido, tana murmushi, tana jira.

Na ƙwala mata kira da muryar nan tawa da rabin unguwar Jikwoyi ya sani. Ko motsi.

Anti ta ce, "Mama, ba ji take yi ba. Kallo take yi."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Juma'a, 17 ga Oktoba
Ban ci komai ba. Na jefa silifan a bola.

Talata, 21 ga Oktoba
Asibiti. Kunnen hagu ba ya ji sam, na dama kaɗan ya rage. Likita yana zargin zazzaɓin bara, za a gwada mata na'urar ji. Bara. Shekara guda ke nan ina dukanta a kan kiran da bai kai gare ta ba.

Da muka dawo na ɗaga hannu zan nuna mata ta zo ta ci abinci, sai ta kare kanta. Na shige ɗaki na yi kuka.

Asabar, 1 ga Nuwamba
Na daina kira daga kicin, dama maƙogwarona ya gaji. Da hantsi ta ja ni tsakar gida wai ita ce Anti. Na kama kunne, na durƙusa, har tsallen na yi. Larai maƙwabciya ta leƙo, na ce mata ciwon baya nake yi wa magani.

Sau uku na ɗaga hannu a gabanta yau, ina ƙirgawa. Ba ta kare kanta ba.