Na Ɗauki Surukina a Bidiyo, Fuskarsa Ba Ta Fito Ba

Malam Manu, don girman Allah ka taimake ni. Wannan ce takarda ta uku da na fara, biyun farko na yayyaga su. Kai na zaɓa domin na karanta a filin nan cewa ka daɗe kana riƙe kyamara a gidan talabijin kafin ka ajiye aiki, to ko ka zage ni, zagin wanda ya san aikin ne.

Ni malamin firamare ne a Gumel, sha'awa ce kawai ta kai ni ɗaukar bidiyo. A 1995 na sayi tsohuwar kyamara a kasuwar Maigatari, irin babbar nan da ake saɓawa a kafaɗa. Daga Nijar ta shigo, littafinta da Faransanci yake, har yau hotunan ciki kawai nake kallo. Ɗan abin da na iya na koye shi wajen Mista Reuben, wani ma'aikaci mutumin Filato da ke zaune a unguwarmu. Shi ya nuna mini yadda ake jawo mutum kusa da gilashi, da yadda ake riƙe numfashi kada hoto ya yi rawa. Abin da ya fi nanata mini kuwa, har na gaji da ji, shi ne kada in taɓa sa mutum ya ba haske baya. Na ɗauki biki da suna da saukar karatu daga Gagarawa har Maigatari, kuma ba yabon kai ba, ba a taɓa dawo mini da kaset ba.

Surukina dattijo ne manomi a wani ƙauye bayan Sule Tankarkar. Tsawon ransa bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba, ko na kati. Maiɗakina, bari in kira ta Kyauta ko da yake ba sunanta ba ne, ita ce 'yarsa ta fari. Bana da ciwon ƙirji ya kwantar da shi tana da ciki, ga hawan jini, likita ya hana ta hawa babur a kan yashin hanyar nan. Wata biyar ba su ga juna ba. Bayan Babbar Sallah sai Baba ya aiko ƙanensa Ubale ya ce in zo da na'urar nan tawa, yana da magana da 'yarsa. Da Kyauta ta ji, da kanta ta goge mini jakar kyamarar.

Malam, shekara tara ina auren 'yarsa, ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na hango shi a hanya takalmi nake cirewa in tsuguna. Haka aka rene ni. Ranar da na je, na same shi a zaure kan buzu, jingine kusa da ƙofa, an saki asabari. Na kafa kyamara a kan ƙafafunta daga can ciki, na leƙa sau ɗaya da sauri kamar ɓarawo, na ga fuska ta fito tas. Na danna madannin ɗauka, na koma gefe na durƙusa, na sunkuyar da kai. Bai yi minti biyu da farawa ba numfashi ya matse shi, ya ce Ubale ya naɗe asabarin iska ta shigo. Ranar hantsi ta kwararo ta bayansa. Wallahi na san abin da zai faru, muryar Reuben ma nake ji a kunnena. Amma in miƙe tsaye a kan surukina yana tsakiyar magana? In ce masa ya ja buzunsa ya juya? Bakina ya ƙi, ƙafata ta ƙi. Na ce a raina wataƙila kyamarar za ta gyara kanta. Haka na zauna minti arba'in ina kallon tabarma.

Da na dawo Gumel ban shiga gida ba, wajen Reuben na wuce muka saka kaset. Bishiyar darbejiya da ke waje ta fito ganye-ganye. Akuyar da ta gitta ma ta fito har da igiyarta. Baba kuwa baƙi ƙirin, inuwa ce kawai mai hula, hannu yana ɗagawa yana sauka. Minti biyun farko da nake taƙama da su, ashe yana ta gyara zama ne yana tari, kansa a ƙasa. Reuben ya miƙa hannu ya kashe talabijin ɗin.

Nan na yi kuskure na biyu. Na ce wa Kyauta na aika kaset Kano a sa masa rubutu, niyyata in koma in sake ɗauka. Sau biyu ina zuwa ƙauyen da kyamara a bayan babur, in gaishe shi, in kasa buɗe baki in ce aikin ya ɓaci, in dawo. Kwana goma sha tara bayan ɗaukar Allah ya yi masa rasuwa. Kyauta ba ta je jana'iza ba. Bayan mako guda ta haifi namiji, aka mayar masa da sunan marigayin.

Yanzu kullum in na shigo sai ta tambaye ni ko mutanen Kano sun aiko. Ba ta faɗa, ba ta ƙorafi, tambaya kawai take yi tana jijjiga yaron, kuma wannan ya fi mini duka ciwo. Ta ce so take ta ga ko ya rame. Kaset ɗin kuwa yana cikin akwatin littattafaina, tsakaninsa da gadonta taku huɗu. Saura kwana goma sha biyu ta yi arba'in ta tafi gida, kuma ƙaninta Hussaini ya riga ya yi maganar aron janareto da talabijin don dangi su taru a kalla. Ba na iya cin abinci. Na daina karɓar aikin biki, ko jakar ba na son gani.

Akwai abin da ya fi tsaya mini a rai. Da yake 'yar fari ce, Baba bai taɓa kiran sunanta ba tun da aka haife ta, sai dai ya ce yarinyar nan. A cikin kaset ɗin ya kira sunanta na yanka har sau uku, ya sa mata albarka, ya ce ta yafe masa in ya taɓa yi mata tsanani. Ni da Ubale da Reuben kaɗai muka ji.

Malam, shin akwai injin da zai fito da fuskar nan a Kano ko Legas? In babu, in ce kaset ya ɓata a mota? Wani lokaci ina ganin gara ta ci gaba da zargin direba da ta san mijinta ne ya zauna kamar dutse aikin ya lalace.

Naka cikin damuwa,
Mai Kyamara, Gumel.

AMSA

Ɗan'uwana Mai Kyamara, Allah ya jiƙan Baba, ya raya jariri. Na tsallake wasiƙu da yawa na ɗauko taka, domin kwanakinka ƙidayayyu ne.

Bari in fara da mai ɗacin. Babu injin da zai dawo da fuskar nan, ko a Kano ko a Legas. Kyamararka ta ga hasken ƙofa ta tsuke idonta, kamar yadda kake yi in ka fito daga ɗaki da rana, don haka abin da ke cikin inuwa bai shiga kaset ba tun farko. In aka ƙara wa hoton haske wataƙila a ga zanen gemu da bakin hula cikin toka-toka. Ka gwada wannan da Reuben, amma kada ka ɗora rai a kai, kuma kada ka bari wani mai shago ya ce ka kawo zai gyara.

Kunyar da ka ji ba zan yi mata dariya ba. Na taɓa ɗaukar wani babban malami rawaninsa a karkace, na kasa magana, aka nuna shi haka a labarai. Dattijon nan ya kira ka ne don ya san tarbiyyarka. Sai dai wanda aka miƙa wa kyamara an ba shi amanar ya duba, kuma akwai hanyar yin haka ba tare da rashin ladabi ba. Ubale yana zaune a wurin. Raɗa ɗaya a kunnensa ta isa, shi ya ce wa yayansa ya juya. Kai da sauran masu sha'awar aikin nan ku riƙe wannan: kafin babba ya zauna ku zaɓa masa wuri, ƙofa ko taga ta kasance a bayanku ku masu ɗauka. In ba yadda za a yi, ku jawo fuska ta cika hoton, ku nemi madannin da aka yi domin haske na baya, galibin kyamarorin nan suna da shi, ko ku sa a riƙe farin zane daga gefe ya mayar da haske kan fuska. Kuma kada ku bar wuri sai kun mayar da kaset baya kun leƙa abin da kuka ɗauka.

Wannan kuskuren aiki ne, kowa yana yi. Ƙaryar Kano kuwa laifi ce, kuma ita ce take hana ka cin abinci. Maganar ɓatan kaset a mota ka cire ta daga ranka gaba ɗaya. In ka faɗe ta, dole ka ɓoye kaset ɗin har abada, ka ga kenan da hannunka ka binne saƙon da mamaci ya ba ka ka kai.

Ka yi ta lissafin abin da ya ɓace, ka manta da abin da ya tsira. Matarka ta san fuskar ubanta, shekara talatin tana kallonta, kuma in ta tuna shi da ƙarfinsa maimakon ramar ciwo, ban ga asara a nan ba. Muryarsa tana kiran sunanta ce ba ta taɓa ji ba.

Ga abin da za ka yi. Yau ɗin nan ka karya ɗan haƙorin da ke bayan kaset don kada a ɗauki wani abu a kansa. Ka fitar da shi daga akwati mai zafi, ku kwafi biyu da Reuben, sautin kuma ku juye shi a kaset ɗin rediyo, wanda za ta iya saurara ba sai da janareto ba. Ka aika wa Hussaini gaskiyar magana kafin ya tara jama'a. Amma kafin kowa, Kyauta. Kada ka jira arba'in. Ka zauna da ita ku biyu, ka gaya mata duka, har da asabarin, har da zuwanka biyu da ka kasa magana. Kada ka kare kanka. Za ta yi kuka, wataƙila ta yi kwanaki ba ta sake maka fuska ba, kuma tana da hakki, domin sati bakwai ka tsare mata abin da yake nata.

In ka gama faɗa, ka saka kaset ɗin. Kada ka yi bayani a kan muryar dattijon, kada ka tsaya nuna mata inda hoton ya ɓaci. Ka karɓi jaririn ka riƙe mata, ka bar ta ta saurari ubanta.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya, ya sanyaya tata, ya kai haske kabarin Baba.

Malam Manu.